Waya a buɗe da waya a kulle: abin da matafiyi zai duba kafin ya ƙetare iyaka

Waya a buɗe ita ce wayar salula da ke karɓar katin SIM na kowane kamfanin sadarwa. Wadda ke kulle kuwa, kamfanin da ya fara sayar da ita ne ya ɗaure ta ga layinsa, kuma da zarar an sa mata layin wani sai ta ƙi, ta nemi lambar buɗewa ko ta rubuta cewa ba ta san wannan katin ba. A kasuwannin waya, daga Farm Centre ta Kano zuwa Avenue Kennedy ta Yawunde da Circle ta Akara, kalmar “a buɗe take” ita ce ke yanke ciniki. Sai dai buɗewar sharaɗi ɗaya ne cikin sharuɗɗa da dama. Waya na iya zama a buɗe sarai amma ta kasa kama 4G a kan hanyar Damagaram, ko ta ƙi yin kira a Amurka, ko hukuma ta toshe ta a Turkiyya bayan wata huɗu. Kowace matsala da tushenta, kuma mai gyaran waya ba zai iya warware dukansu ba.

Daga ina kullen yake fitowa

A Nijar, Najeriya, Kamaru, Chadi da Ghana, mutum yakan sayi wayarsa a kanti da kuɗinsa, sa'annan ya je ya sayi layi daban. Shi ya sa wayoyin da aka kera don kasuwar Afirka, irin su Tecno, Itel da Infinix na kamfanin Transsion da ke Shenzhen a ƙasar Sin, suke zuwa a buɗe, galibi da gidan SIM biyu. A Amurka da Turai tsarin ya daɗe yana tafiya akasin haka. Kamfanin sadarwa ne ke bai wa mutum waya a farashi mai rahusa ko a kan biya kaɗan-kaɗan, bisa yarjejeniyar zai zauna a layinsa shekara biyu ko uku, kuma kullen shi ne jinginar kamfani har a gama biya.

Ƙasashe da yawa sun taka wa wannan al'ada burki. Kanada ta hana sayar da waya a kulle daga 1 ga Disamba 2017. Japan ta bi sahu a Oktoba 2021, Biritaniya kuma a Disamba 2021. A Faransa, mai layi na da damar neman a buɗe masa wayarsa kyauta bayan wata uku da saye. Amurka ce ta rage babbar kasuwar waya mai kulle: dokar da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a Agusta 2014 ta halatta buɗe waya, amma ba ta hana kamfanoni kulle ta ba har sai an cika sharuɗɗansu. Wannan ne ya sa mafi yawan wayoyin gwanjo da ke ba da wahala a yankin suke fitowa daga can, musamman na AT&T da T-Mobile da ƙananan layukan biya-kafin-kira.

Hanya mafi sauƙi ta gane kulle ita ce a gwada layukan kamfanoni biyu daban, a yi kira da kowanne, a kuma buɗe intanet. A iPhone akwai wata hanyar tun daga iOS 14: a shafin bayanan waya cikin saituna akwai layin da ke nuna matsayin kulle, kuma a wayar da ke cikin Turanci, in ya rubuta “No SIM restrictions” to a buɗe take. Wayoyin Android ana buɗe su da lamba da kamfanin asali ke bayarwa, kuma yawan gwajin da aka yarda da shi ƙididdigagge ne. Wanda ya yi ta cinke zai iya daskarar da wayar. iPhone ba ta da irin wannan lamba. Kamfanin sadarwa ne ke sanar da Apple, Apple ta saki wayar daga rumbunta. Wani ɗan siririn falle da masu gyara ke shimfiɗawa a ƙarƙashin katin SIM don yaudarar iPhone yana aiki na ɗan lokaci, amma sabunta manhaja ko sauya layi na iya rusa shi, kuma ga matafiyi wanda aikinsa ke nan sauya layi, wannan dabara ba abin dogaro ba ce.

Sauran kulle-kullen da ake kira da suna ɗaya

A bakin masu saye da sayarwa duk “kulle” ne, amma abubuwa ne mabambanta.

Kowace waya tana da lambar shaida mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, wadda ke fitowa idan an danna *#06#. Idan aka kai rahoton an sace waya ko ta ɓata, ko mai ita ya gudu da bashin kamfani, ana iya sa lambar cikin jerin wayoyin da aka haramta, kuma kamfanoni da yawa suna musayar wannan jeri ta hannun ƙungiyar GSMA. Ba kowane kamfani ne ke aiki da jerin ba. Don haka waya na iya yin shekara tana aiki lafiya a Garwa ko Kumasi, ranar da mai ita ya sauka a Landan ko New York ta mutu murus. Ya kamata lambar da ta fito a fuskar waya ta yi daidai da wadda ke jikin kwali. In sun saɓa, an taɓa wayar.

Akwai kuma kullen asusu. Tun 2013 iPhone take ɗaure da asusun iCloud na mai ita, Android kuma ta kawo makamancin haka a 2015 da asusun Google. Wannan ba ruwansa da layi ko ƙasa. Idan mai wayar na farko bai cire asusunsa ba, duk ranar da aka goge wayar za ta tsaya tana neman kalmar sirrinsa. Mai saye ya sa a goge wayar a gabansa, a kunna ta daga farko har ta shiga, kafin kuɗi ya bar hannunsa.

Sabon salo shi ne kullen bashi. Kamfanoni irin su M-KOPA, da ke aiki a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashen Afirka, suna ba da waya a kan biya kullum ko duk mako, kuma wayar tana rufe kanta idan biya ya tsaya. Wanda zai yi tafiya da irin wannan waya sai ya tanadi yadda za a ci gaba da biya daga gida, domin asusun kuɗin waya na wata ƙasa ba lallai ya iya biyan bashin ba. Samsung kuma tun 2013 take da kullen yanki a wasu wayoyinta: sabuwar waya tana bukatar a fara kira na kimanin minti biyar da layin yankin da aka sayar da ita kafin ta karɓi layin wata nahiya. Mai sayen sabuwar Samsung a Turai ko a ƙasashen Larabawa gara ya yi wannan kiran tun yana can.

Zango: inda wayar da ke buɗe take gazawa

Duk wanda ya saba kama tashoshin rediyo a gajeren zango ya san cewa akwatin da ba shi da mita 16 ba zai kama tashar da ke watsawa a kan mita 16 ba, komai kyansa. Haka waya take. Kowane kamfani yana watsa sabis ɗinsa, ko rezo kamar yadda ake cewa a Maraɗi da Njamena, a kan wasu zanguna da hukumar ƙasa ta ba shi lasisi, kuma wayar sai an kera ta da waɗannan zanguna za ta ji shi. Abu ne na cikin ƙarfen waya. Ba filashin da zai ƙara mata zangon da ba a haife ta da shi ba.

A zamanin 2G lamarin da sauƙi. Afirka, Turai, Gabas ta Tsakiya da mafi yawan Asiya suna kan megahaz 900 da 1800, Amurka ta Arewa tana kan 850 da 1900, kuma kusan duk wayar zamani tana ɗauke da huɗun. 3G a yankinmu na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya galibi tana kan 2100, wani wuri da 900. Da zuwan 4G ne zanguna suka yi yawa, har aka koma kiransu da lamba. Waɗanda suka fi muhimmanci ga mai zirga-zirga tsakanin Afirka, Turai da ƙasashen Larabawa su ne B3 mai megahaz 1800, B7 mai 2600, B20 mai 800, da B28 mai 700, sai B1 da B8. Amurka kuwa ta dogara ne a kan wasu daban: B2, B4, B5, B12, B13, B66 da B71.

Ba duk zanguna ne darajarsu ɗaya ba. Ƙaramar lamba irin 700 da 800 tana tafiya nesa kuma tana ratsa bango, shi ya sa kamfanoni ke amfani da ita a karkara da kan manyan hanyoyi, inda turke ɗaya zai ɗauki ƙauyuka da dama. Babbar lamba irin 2600 tana ɗaukar kaya da yawa amma ba ta nisa, don haka ta cikin gari ce. Saboda zangon 800 ne MTN ta sayi kamfanin Visafone a Najeriya a farkon 2016, kuma a kan 800 ɗin MTN ta Ghana ta samu lasisin 4G a ƙarshen 2015. Glo kuwa ta fara 4G a 2016 a kan B28, lokacin da wayoyi da yawa ba su da shi, abin da ya sa mutane suka yi ta ɗora wa layin laifi alhali wayarsu ce ba ta jin zangon.

Ga yadda matsalar take bayyana: waya tana nuna 4G a tsakiyar birni, amma da an fita bayan gari sai ta faɗa 3G ko harafin E, alhali wayar na kusa da ita, a kan layi ɗaya, tana ci gaba da 4G. Sau da yawa B20 ce babu. Wayoyin da aka kera don kasuwar cikin gida ta Sin sun yi suna da rashin wannan zango, kuma ba sa zuwa da manhajojin Google. Ƙananan wayoyin Android masu araha na layukan Amurka su ma sukan rasa B20 ko B3 ko B7. iPhone da manyan Samsung ba su cika samun wannan matsala ba, domin ana cusa musu zanguna masu yawa. Tasu matsalar kulle ce da gidan SIM. Ƙaramar Tecno da aka saya a Yamai takan fi wata mai tsada da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka dacewa da turakun Kano, Kwatano da Jidda, don kuwa dominsu aka yi ta. Ranar da aka kai ta Amurka kuma sai reshe ya juye da mujiya.

Sunan waya kaɗai ba ya wadatarwa, lambar samfuri ake dubawa. Galaxy S23 mai lamba SM-S911B ta kasuwar duniya ce, SM-S911U ta layukan Amurka ce, mai U1 a ƙarshe kuma ta Amurka ce da aka sayar a buɗe. iPhone 14 mai lamba A2649 ta Amurka ce, A2882 ita ce ta mafi yawan ƙasashe. Da lambar samfuri ake samun jerin zanguna a shafin kamfanin da ya kera wayar. Game da 5G, zangon da ya fi yaɗuwa shi ne n78, wajajen megahaz 3500, kuma a kansa MTN ta fara 5G a Najeriya a 2022, amma a yau matafiyi ya fi bukatar cikakkiyar 4G.

Ƙasashen da suka kashe tsofaffin turaku

Ƙaramar waya mai madannai, wadda cajinta ke kwana da kwanaki, har yanzu ita ce abokiyar tafiyar direbobi da 'yan kasuwar dabbobi, kuma a Afirka tana aiki kusan ko'ina. Amma Japan da Koriya ta Kudu ba su taɓa amfani da tsarin GSM ba, Singafo ta kashe 2G a 2017, manyan kamfanonin Amurka sun kashe 3G a 2022, Ostireliya kuma a 2024. A irin waɗannan wurare kira yana bi ne ta cikin 4G, ta tsarin da ake kira VoLTE, kuma ba ya isa wayar tana da shi: sai kamfanin can ya yarda da samfurinta. Shi ya sa baƙo zai ga intanet na aiki amma kira ya ƙi shiga. Rufe 3G a Amurka ya kuma binne tsarin CDMA na Verizon da Sprint, wanda masu dogon tunani za su tuna da shi a layukan Starcomms da Multi-Links a Najeriya. Tsofaffin wayoyin CDMA zalla ba su da amfani a yankin yanzu.

Wayar da ba ta da gidan SIM

Tun daga iPhone 14 ta 2022, iPhone da ake sayarwa a Amurka ba ta da gidan saka kati, sai eSIM, wato layin da ake sauke wa waya ta hanyar ɗaukar hoton wata alama daga kamfani. Da fitowar iPhone 17 a Satumba 2025, Apple ta faɗaɗa wannan tsari zuwa wasu ƙasashe, cikinsu har da Saudiyya, Hadaddiyar Daular Larabawa, Katar, Kuwait, Kanada da Japan. Wannan ya shafi alhazai da 'yan kasuwar Dubai kai tsaye, waɗanda suka saba sayo waya tsaraba daga can. MTN da 9mobile sun fara gwajin eSIM a Najeriya tun 2020, kuma kamfanoni da dama a yankin sun biyo baya, amma yawanci sai an je babban ofishi, ba wurin mai laima a bakin tasha ba. Wanda harkarsa ta ƙananan garuruwan kan iyaka ce, yana sauya layi sau biyu a mako, waya mai gidan kati ta fi masa. Masu gyara a wasu kasuwanni suna huda iPhone ta Amurka su dasa mata gidan SIM. Aikin yana zubar da garanti da kariyar ruwa, kuma mai saye ya cancanci a faɗa masa.

Inda hukuma ke toshe wayar baƙo

Wasu ƙasashe suna amfani da lambar IMEI wajen karɓar harajin kwastan. A Turkiyya, wayar da aka shigo da ita daga waje tana da kwana 120 a kan layin ƙasar, bayan haka a toshe ta sai an yi mata rajista an biya kuɗi mai yawa. Ɗan kasuwar da ke zuwa Santambul na mako guda ba zai ji komai ba, ɗalibi kuwa zai ji. Masar ta fara nata tsarin a Janairu 2025, da wa'adin kwana 90 da manhajar Telephony da ake biya ta cikinta, abin da ya shafi ɗaliban Azhar da masu doguwar jinya a Alƙahira. Kamaru ta so fara cire harajin kashi 33 cikin 100 na kuɗin waya daga kiredin masu amfani a Oktoba 2020, amma Shugaba Paul Biya ya dakatar da shirin bayan ƙorafin jama'a. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa, don haka mai dogon zama ya tambayi kwastan tun a filin jirgi.

Romin ko sabon layi

Romin shi ne amfani da layin gida a kan turakun wata ƙasa. Yankin ya taɓa ɗanɗana sauƙinsa: a 2007 kamfanin Celtel, wanda ya koma Zain sa'annan Airtel, ya shigar da Nijar, Najeriya, Chadi, Burkina Faso da Sudan cikin tsarinsa na One Network, inda mai layi ke karɓar kira kyauta a ƙetare. A Disamba 2017 CEDEAO ta zartar da dokar rage kuɗin romin tsakanin ƙasashenta, amma aiwatarwa ta yi tafiyar hawainiya. Sai a 2023 Ghana da Kodibuwa suka fara aiki da ita a tsakaninsu, daga baya Ghana ta ƙulla da Togo da Benin. Nijar, Mali da Burkina Faso, da suka fice daga CEDEAO a Janairu 2025, sun sa hannu kan tasu yarjejeniyar a Yamai a Nuwamba 2024. Ƙasashen CEMAC, da suka haɗa da Kamaru da Chadi, su ma suna da tasu a rubuce. Abin lura shi ne iyakokin da Hausawa suka fi ƙetarewa, tsakanin Nijar da Najeriya, Najeriya da Kamaru, Chadi da Sudan, duk sun faɗa tsakanin ƙungiyoyi biyu daban, don haka babu tabbacin wata yarjejeniya ta rufe su. Suna ɗaya ma ba farashi ɗaya ba ne: MTN ta Najeriya da MTN ta Kamaru kamfanoni biyu ne, kuma garaɓasar data da aka saya a gida galibi ba ta ƙetare iyaka.

Ga wanda zai wuce kwana biyu ko uku, sabon layi ya fi araha, kuma a nan ne waya mai gida biyu take biyan kuɗinta. Layin gida ya zauna a gida na ɗaya, an kashe masa datar romin, domin saƙonnin banki da na asusun kuɗin waya ta nan suke zuwa, kuma karɓar saƙo a waje galibi kyauta ne. Layin baƙunta ya ɗauki kira da intanet. WhatsApp yana ci gaba a kan tsohuwar lamba ko an sauya kati, muddin ba a goge shi ba. In an goge, sai an samu saƙon tabbatarwa a tsohon layin. A Dubai kiran murya ta WhatsApp a toshe yake, kuma ba laifin waya ba ne. Layin da aka bari watanni ba a amfani da shi, kamfani na iya karɓewa ya sayar wa wani, tare da duk abin da ke rataye da lambar.

Sayen layi yanzu sai da shaida. Najeriya ta ɗaure kowane layi da lambar NIN tun Disamba 2020, Ghana ta sake rajista da Ghana Card daga 2021, Saudiyya kuma tana ɗaukar hoton yatsa tare da fasfo a layukan STC, Mobily da Zain. Katin da aka saya a bakin hanya da sunan wani ana iya rufe shi kowane lokaci, kuma mai riƙe da shi ba shi da hujjar da zai nemi a dawo masa da lambar ko kuɗin da ke ciki.

Mazauna bakin iyaka suna da tasu matsalar ko ba su yi tafiya ba. Tsakanin Birnin Ƙonni da Illela, Kuseri da Njamena, Gaya da Malanville, waya takan tsallaka da kanta zuwa turken maƙwabta idan ya fi ƙarfi, kuɗi kuma ya yi ta tafiya a farashin romin. Maganinsa a shiga saitunan layi a cire zaɓin kai-tsaye, a zaɓi kamfanin gida da hannu, sa'annan a tuna a mayar da shi ranar da za a ƙetare da gaske. Lambobin da ke cikin waya kuma a adana su da lambar ƙasa a gaba, +227 ta Nijar, +234 ta Najeriya, +237 ta Kamaru, +235 ta Chadi, +233 ta Ghana, +249 ta Sudan. Na Kodibuwa sun koma alƙaluma 10 tun Janairu 2021, na Benin kuma tun 30 ga Nuwamba 2024, inda aka ƙara 01 a gaban kowace tsohuwar lamba.